Dinah da Baƙin Ƙarƙashin Ƙasa

A unguwarmu, can gefen Zuru inda gidaje ke ƙarewa duwatsu su fara, ba mai kiranta Dinah sai danginta na ƙauye. Kowa Maman Dominic yake cewa. Doguwar mace ce siririya, tana tafiya kamar mai ɗauke da tulu ko da ba komai a kanta. Ginin tukwane ne sana'arta, kuma gado ta yi.

A kan dutse aka haife ta, a wani ƙauye da yanzu ba kowa sai kangaye da birai. Mahaifiyarta na cikin matan da ke gina tukwanen da tsofaffin Dakarkari ke ɗorawa a kan kabari, masu 'yan kawuna da baki a buɗe yana kallon sama. Dinah ta taka yumɓu da ƙafafunta tun ba ta iya ɗaura zane ba. Da ta shiga coci sai ta bar wancan ginin, ta koma ga tukunyar tuwo da randa da kasko, abubuwan masu rai. Amma hannu ba ya mantuwa. Wani lokaci tana cikin gyara wuyan tulu sai ta ga yatsunta sun fara fitar da kunne, ta yi maza ta shafe.

Abel ya aure ta bayan ya yi wa mahaifinta noman shekaru kamar yadda ake yi, sannan ya shiga soja kamar rabin samarin ƙasar nan. Ta bi shi bariki bariki, Kaduna, Bauci, Inugu, tana goyo tana sauke kaya tana sake ɗaurewa. 'Ya'ya biyu suka tsaya mata, Dominic da ƙanwarsa Hannah. A bariki suka tashi, don haka Dakarci jinsa kawai suke yi, ba sa iya mayarwa. Ita kuma Dinah Turanci bai taɓa zama a bakinta ba. Sai Hausa ta zama tabarmar aro da suke shimfiɗawa tsakaninsu, uwa ta zauna a wannan gefe, 'ya'ya a wancan, kowa da irin gurguwar muryarsa.

Abel ya yi ritaya, ya dawo gida, ya yi noman dawa har ƙarfinsa ya ƙare, ya mutu a kan gadonsa. An binne shi bayan coci. Dinah ta yi kuka ta share, domin mutuwa ce da ta bar wurin zuwa.

Ta Dominic ba ta bar komai ba. Ya bi sawun ubansa ya sa kaki, ya auri Praise, wata tela 'yar garin Kanya mai yawan dariya, kuma kafin dawar shekarar ta nuna aka tura shi arewa maso gabas. Wata rana da tsakar rana sojoji biyu suka yi sallama a ƙofar gida, suka cire huluna. Sun ce an auka wa sansaninsu, an ƙirga masu rai, an ƙirga gawarwaki, ba a ga Dominic a ko ɗaya ba. Dinah ta ba su ruwa, ta tambayi gidajensu, ta raka su har bakin hanya. Da ta dawo ta ci gaba da tulun da take ginawa.

Shekaru suka wuce. Dangin Abel suka zo sau da yawa suna roƙon ta bari a yi addu'ar mamaci a coci, a rufe maganar. Fasto ma ya zo. Amsarta ɗaya ce.

"Ku nuna mini inda zan tsaya in yi kukan, sai in yi."

Ba su iya nuna mata ba, kuma ba wanda zai yi wa ɗa addu'ar mutuwa uwarsa tana cewa a'a. Haka Praise ta zauna a ɗakin mijinta, ba matar aure ba, ba gwauruwa ba. Kekenta na ɗinki yana kuka daga safe zuwa la'asar. Ta ɗinka wa ƙawayenta kayan aure, ta ɗinka kayan suna, daga baya ta fara ɗinka wa 'ya'yansu kayan makaranta. Dariyarta ta ragu kamar rafi a watan uku.

Hannah kuwa karatu ya ja ta. Daga Zuru zuwa Zariya, daga Zariya zuwa Kanada, har ta zama mai binciken kimiyya. Kowace Lahadi bayan an tashi daga coci takan kira, Praise ta buɗe muryar wayar ta ajiye a kan turmin da aka kife, Dinah ta zauna a gabansa ta naɗe hannu kamar mai sauraron wa'azi.

Wata Lahadi Dinah ta tambaya, "Wai ke aikin me kike yi ne da ba ya ƙarewa?"

"Mama, a ƙarƙashin ƙasa nake aiki. Ramin haƙar ma'adini ne mai zurfi ƙwarai. Muna shiga wani keji na ƙarfe tare da mahaƙa, ya yi ta sauka da mu har kunne ya toshe."

"Duk bokon nan, ashe rami za ki ƙare. Da kin zauna nan da na ba ki gatari."

Hannah ta yi dariya. Ta ce a can ƙasa akwai ɗaki mai tsabta, sai mutum ya yi wanka ya sake kaya kafin ya shiga. A tsakiyar ɗakin sun ajiye wasu 'yan duwatsu masu ƙyalli, sun sanyaya su fiye da duk wani sanyi da ke duniya, sun lulluɓe su da ƙarfe a kan ƙarfe. A saman ƙasa hayaniya ta yi yawa, ko sararin sama ma yayyafin wasu ƙwayoyi yake yi ba dare ba rana. Dole sai an sa dutse ya rufe su, a sami shiru.

"Shirun na mene ne?"

"Don mu ji in an taɓa. Abin da muke nema baƙi ne, Mama. Ba a gani. Ba nauyi kusan sam. Ana ratsa bango, ana ratsa dutse, ana ratsa jikin mutum bai sani ba. Amma muna sa rai wata rana ɗaya zai ɗan ƙwanƙwasa dutsen nan namu, mu ji."

To, kalmar nan biyu ce a Hausa, rubutunsu ɗaya. Akwai baƙi na launin gawayi, wanda murya ke tsayawa sama a kansa. Akwai baƙi na mutanen da suka zo daga nesa, wanda murya ke farawa daga ƙasa ta hau. Bahaushen Kabi ba zai taɓa haɗa su ba ko cikin barci. Amma Hannah Hausar bariki ce da ita, ta kuma sha sanyin ƙasar waje har ta sandare. Launi take nufi, domin haka masana suka sa wa abin suna, baƙin abu, saboda ba ya ba da haske ba ya karɓa. Kunnen Dinah kuma ya ɗauki ɗayar.

Dinah ta matso kusa da turmin. Sannan ta ce a hankali, "Suna da yawa?"

"Sun fi duk abin da ido ke gani yawa."

"Haka ne," in ji Dinah. "Dole su fi mu yawa."

Tun daga ranar muka ga ta sauya. Mace ce da ta tashi tana jin cewa waɗanda suka tafi ƙasa suke komawa, kuma coci bai goge wannan ba, rufe shi kawai ya yi. Yanzu ga 'yarta ta cikinta, mai digiri a kan digiri, tana wanka ta sa fararen kaya ta sauka inda ba rana, ta zauna shiru tana jiran waɗanda ba a gani su ƙwanƙwasa. Dinah ba ta ga wani abin mamaki a ciki ba. Ta ga dai Turawa sun iso inda mahaifiyarta ta tsaya, da kuɗi da ƙarfe.

Lissafinta mai sauƙi ne. In Dominic ya mutu, yana cikin baƙin nan, kuma ba zai ratsa ta gaban ƙanwarsa ya ƙi taɓa ƙofa ba, yaron da ko kasuwa zai je sai ya leƙa kowane ɗaki ya yi sallama. In kuma bai ƙwanƙwasa ba, to yana wani wuri a saman ƙasa yana shan iska.

Kowace Lahadi tambayar ta zama ɗaya. "Baƙinku sun zo?"

"Tukuna, Mama."

"Kina ajiye musu ruwa?"

Hannah takan yi dariya, ta ɗauka barkwancin tsofaffi ne. Dinah kuma ta tashi daga gaban turmi fuskarta a sake, domin kowane "tukuna" a wurinta labari ne cewa ɗanta na da rai.

Da rana tsaka, lokacin da unguwa ke yin tsit, awaki sun shige inuwa, mukan hango ta tsaye a tsakar gida, hannuwa a buɗe kaɗan, ido a rufe. Wata maƙwabciya ta tambaye ta ko jiri take ji. Ta ce a'a, wucewa ake yi ta cikinta, tana so ta ga ko za ta gane wani. Maƙwabciyar ta koma gida ta kasa cin abinci. Ni ma da na ji, na daɗe ban iya ratsa filin bayan coci da rana ba tare da na ji kamar ina kutsawa cikin taron kasuwa ba, taron da ba ya ture kafaɗa.

Ana nan sai ga Michael, malamin firamare da matarsa ta rasu, ya fara kawo wa Praise ɗinki. Ya kawo wando a rage, ya dawo da shi a ƙara, ya sake kawowa a rage.

"Malam, wandon nan ya gaji," Praise ta ce masa. "In magana ce da kai, faɗi, ka bar shi ya huta."

Ya faɗa. Mutumin kirki ne, unguwa duk ta sani. Amma Fasto ba zai ɗaura aure a kan aure ba, sai dangin miji sun yarda a gaban jama'a cewa Dominic ya rasu. Dangi sun yarda tuntuni. Saura mutum ɗaya.

Praise ta durƙusa gaban surukarta tana tsakiyar murza yumɓu. "Mama, ba don na manta shi ba."

"Na sani, 'yata. Ki ƙara haƙuri kaɗan. Hannah na saurare. Ran da ya taɓa, ni da kaina zan je wurin Fasto."

A nan ne Praise ta gane abin da tsohuwar ke ji duk Lahadin nan. Ta fita waje ta kira Hannah ta faɗa mata.

"Ai launi nake nufi," in ji Hannah.

"To ki zo ki faɗa mata launin. Ni furfura ta fara fito mini ina jiran injinku."

Hannah ta zo cikin damina, dawa ta kai kafaɗa, duwatsun Zuru sun yi kore shar kamar an wanke su. Ta kwana biyu tana zagaye maganar. A rana ta uku Dinah ta ɗauki gatari da kwando za ta ɗebo yumɓu, Hannah ta ce za ta raka ta.

Ramin yumɓun yana gindin wani tudu kusa da rafi. Mata sun yi shekaru suna cin cikinsa har ya zama kogo, sai an sunkuya ake shiga. Ciki da sanyi da warin ƙasa jiƙaƙƙiya, hasken rana yana tsayawa a bakin ƙofa kamar an hana shi wucewa. Suka zauna a kan duga-dugansu.

"Naku ya kai wannan duhu?" Dinah ta tambaya.

"Akwai fitilu. Mama, akwai abin da na faɗa ba daidai ba." Ta ɗauki wani guntun gawayi da wata ta bari, ta ɗora a tafin uwar. "Wannan baƙi. Irin wannan nake nufi. Ba baƙi masu zuwa gida ba."

"Baƙi," in ji Dinah.

"A'a, baƙi."

"Abin da na ce ke nan."

"Ba shi kika ce ba."

"Ke ce dai bakinki ya karkace. Tun kina ƙarama kike kiran gora na ruwa kamar gora ta sanda."

Suka yi dariya tare, gajeriya, kogon ya haɗiye ta. Sannan Hannah ta yi bayanin a hankali, da kalmomin da ba za su zame ba. Ba mutane ba ne. Ba su taɓa zama mutane ba. Wani irin abu ne kamar ƙura, ƙanƙanta fiye da tunani, da ya cika sararin sama. An san yana nan ne domin taurari na juyawa da saurin da ya isa ya watsar da su, amma wani nauyi da ba a gani yana riƙe da su. Wanda su Hannah suke nema ƙwayarsa mara nauyi ce sosai, shi ya sa taɓinsa zai yi rauni har sai dutse mai sanyi cikin shiru ne kaɗai zai ji. Ba shi da suna, ba shi da uwa, ba ya sanin ƙofar kowa.

"Ko Yaya ya mutu ko yana da rai, injinmu ba zai sani ba, Mama. Ba zai taɓa sani ba."

Dinah ta juya gawayin a tafinta. Ruwa na ɗiga daga rufin kogon cikin wani ɗan gurbi, jefi-jefi. Fuskarta ba ta motsa ba, amma Hannah ta ce ta ga uwarta ta tsufa a zaune, kamar tukunyar da aka fitar daga wuta aka sa a iska.

"Duk 'tukuna' ɗin nan da kike ce mini."

"Na ƙura ne."

"Ni kuma ina ta ci ina ƙoshi da shi."

Ta tashi ta kama sara. Ta sari yumɓu da ƙarfin da ya fi na shekarunta, tana cika kwando ba ta kallon 'yar. Hannah ta sa hannu za ta taya, ta ture hannun. Sai da kwandon ya cika ya yi tozo ta tsaya tana haki, ta jingina da bango.

"Shi wannan abin naku, kun taɓa jin sa ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

"Kuma ba ku daina ba."

"Ba mu daina ba. Wataƙila sai bayan ranmu."

"Wa ke zama a wurin yanzu da kika taho?"

"Ba kowa. Ba a zama a gabansa kullum. In an gyara shi an rufe, shi kaɗai yake sauraro. Mu muna sama, muna duba shi daga nesa. Mutum ma in ya daɗe kusa da shi ɓata shirun yake yi, ɗumin jikinsa da ƙurar kayansa duk hayaniya ce."

"Wato ku kuna sama kuna cin abinci."

"Muna ci. Wasu na aure, wasu na haihuwa."

"Ke dai ban ga kin yi ko ɗaya ba," in ji Dinah. Ta nuna kwandon da haɓa. "Ɗora mini."

Dinah ta ɗauko kwandon a ka har gida. Washegari ba ta gina komai ba, ta bar yumɓun a rufe da tsumma. Ranar Asabar da hantsi ta yi wanka, ta ɗaura zanen zumuntar matan coci, ta tsaya a ƙofar ɗakin Praise. Keken ɗinki ya tsaya.

"Tashi ki raka ni gidan Fasto."

Praise ta ɗago kai ta dube ta.

"Ba zan ce ya mutu ba," in ji Dinah. "Bakina ba zai faɗi abin da idona bai gani ba. Baffanninsa su faɗa, ni ba zan hana ba, zan kuma zauna a benci na gaba kowa ya gan ni. Amma jiran nan ba aikin mutum biyu ba ne. Ni na haife shi. Na riƙe ki a rami shekara da shekaru, 'yar mutane, kina taya ni abin da ba ki da kunnen jinsa. Hau sama."

"Mama, in kuma ya dawo?"

"In ya dawo ni zai tarar. Zan ce masa ni na sallame ki, ya yi faɗan da ni. Ai ya san hannuna."

An yi addu'ar bayan sati biyu. Cocin ya cika da tsofaffin sojoji masu sanduna, suka yi waƙa da muryoyin da suka dushe. Ba akwati, ba rami, hotonsa kawai a kan tebur cikin kaki. Dinah ta zauna inda ta ce za ta zauna. Da Fasto ya ce "marigayi", jama'a suka amsa da amin, ita leɓenta bai motsa ba. Ta kafa ido a ƙofar coci da aka bari a buɗe saboda zafi, inda ba kowa sai hasken rana a kan matakala.

Bayan an girbe dawa aka ɗaura auren Praise da Michael. Dinah ce ta gina mata randa da tukwanen girki, ta ɗora su da hannunta a bayan motar da ta zo kwashe kaya, ta cusa ciyawa tsakaninsu kada su fashe. Keken ɗinki ne ya fita daga ƙarshe, maza biyu na ɗauke da shi. Praise ta rungumi surukarta tana kuka, Dinah ta ce mata ta bari, kwalliyarta za ta lalace Malam ya ce a mayar masa da wandonsa.

Motar ta tashi. Dinah ta tsaya har ƙararta ta ɓace a bayan tudu, sannan ta koma ciki. Gidan bai taɓa yin shiru irin na ranar ba. Ta jawo kujerarta 'yar tsugunno zuwa ƙofar ɗakin da aka kwashe, ta zauna ta ba titi baya, ta ɗan karkata kai gefe ɗaya. Da maƙwabta suka leƙo da la'asar don su taya ta hira, ta ɗaga musu hannu ba tare da ta juyo ba, alamar su yi magana a hankali.